Takalman Babana Suna Kallon Ƙofa

Barkanku da war haka. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni ɗan Zuru ne, zane na karanta, amma aikina jera kaya ne a ɗaki, mai kallo ya shiga ya fahimci abin da suke faɗa. A garinmu da wuya ka sami gidan da babu soja. Bara na bi matan da mazansu suka mutu a bakin daga, na roƙi takalman aikin mazan. Mama ce ta fara ba ni na babana, ta goge su sai sheƙi, sannan ta kai ni wurin 'yan zumuntar mata na cocinmu. Na jera takalman a wani ɗakin baje koli a Abuja, duk suna fuskantar ƙofa. Nufina sun kamo hanyar gida ne, dawowar da ba su samu yi ba.

Ranar buɗewa mai wurin ta tsaya ta ce, "Kai, ka yi ƙarfin hali! Sojojin da suka juya wa yaƙi baya suka gudu, ko?" Manyan baƙi suka hau gyaɗa kai. Me ya hana ni cewa a'a? Kwaɗayi. Wa ya taɓa yaba mini haka? Na ce, "Haka ne, Madam." Yanzu maganar tana rubuce a bango da sunana a ƙasa, kuma saboda ita ake tururuwa. Na roƙi a cire, ta ce ai na amsa a gaban shaidu, in na sauya baki na gama aiki a Abuja.

A Zuru gara ka mari mutum da ka ce ubansa ya gudu daga yaƙi. Ga shi matan sun ɗinka anko, sun kama mota, Asabar za su je gani, har da wata malamar makaranta da za ta karanta musu komai. Jiya Mama tana tankaɗe ta ce, "Ɗana, ina ka sa na babanka?" Na ce su ne a gaba, dab da ƙofa. Ta yi murmushi ta ce, "Yauwa. Ko da yana da rai, kullum shi ne a gaba."

Tun daga nan kunya kamar ta kashe ni. Me zan yi?