Na Goge Ɓangarenka a Kwamfutar

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a gama karatun nan cikin nasara. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida. Kowa ƙalau, ni kaɗai ce ba ƙalau ba.

Yaya, ƙarya na yi maka a waya da na ce rashin sabis ne ya hana ni turo maka bayanan bincikenka. Ka san kwamfutar da ka bar mini, wadda ka raba gida biyu, in an kunna sai ta tambayi ɓangaren da za a shiga, naka ko nawa. To, nawa ya cika da hotunan ɗinki, sai na kai wa mai gyara ya sa mata sabon faifan ajiya babba, ya kwafe komai a kai. Ya ce in dawo Asabar ya faɗaɗa mini wajena. Ni kuwa sarkin gaggawa, na ce abin da bai fi danna maɓalli ba zan jira Asabar? Na buɗe taswirar faifan daga ɓangarena, na ga wani yanki ba suna, an nuna babu komai a ciki. Na goge shi, na ja nawa ya haɗiye wurin, har da murnata. Ashe ɓangarena ba ya iya ganin abin da ke cikin naka, shi ya sa ya nuna wayam. Gwajin ruwan rijiyoyin da ka yi shekara uku kana yi, wanda malamanka ke nema kafin ƙarshen wata, shi na goge.

Sai da na zo shiga ɓangarenka na tarar babu shi, ko mayafi ban yafa daidai ba na ruga shagon neman tsohon faifan. Mai gyara ya ce ai ni da bakina na ce ya wanke shi tas ya sa wa Kawu a tasa kwamfutar, kuma ya yi tun jiya. Wallahi sai da na dafa teburinsa. Ya ce mai yiwuwa a tono wani abu daga sabon, muddin ban zuba komai a kai ba. Yaya, na zuba hotuna kusan dubu. Ya dai riƙe kwamfutar a kashe, ya ce ba zai taɓa ba sai ka yi magana da shi, kuma bai yi mini alkawari ba.

Don Allah ka duba ko ka taɓa ajiye kwafi wani wuri. In faɗa za ka yi, ka yi, na cancanta, amma kada ka yi mini shiru, tsoro nake ji. Inna ba ta sani ba, ɗazu ma na ji tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa gamawa.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Inna da Kawu suna sa maka albarka.

Ƙanwarka mai laifi,
Auta