Dije, Motar Ta Isa Gamboru

Zuwa ga mai ɗakina, Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina da rai ma sai dai in karanta miki, kina tsintar shinkafa a faifai kina gyara mini inda na yi ƙari. Amma na dawo gida da labari cike da bakina, kuma ke nake son in ba shi tun daga farko.

Dije, motar ta isa Gamboru. Kayan sun shiga hannun yaran.

Kin tuna ranar da na dawo daga sayen shanu a Gamboru, kika ajiye mini tuwo na kasa ci? Na faɗa miki yaƙi ya ɓarke a babban birnin Cadi, mutane suna ta ƙetaro kogi cikin kwale-kwale, wasu sun gangaro har kan iyakarmu. Na ce miki na ga yara kwance ƙarƙashin manyan motoci a bakin kasuwar shanu, ba riga, wasu ba a ma san inda iyayensu suke ba. Ni na faɗa ne don in rage nauyin ƙirjina. Ke kuwa da gari ya waye sai kika jawo tsohuwar randa kika zuba mudun gero, kika ce na yaran Cadi ne, kada kowa ya taɓa. Daga nan duk gidan suna ko biki da kika shiga sai kin ta da maganar. Sai zazzaɓin damina ya ɗauke ki, randar ko rabi ba ta kai ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan maza sun watse, aminiyarki Kulu mai tuwo ta yi sallama da ayarin mata, kowace da ƙwarya a kai. Ta tsaya daga bakin zaure ta gaya mini sun yi miki alkawarin tara wa yaran abinci, kuma mutuwarki ba ta warware shi ba. Ta ce su za su bi gidaje, ni in bi kasuwanni. Ba shawara ta nema ba, kin dai san Kulu.

Na fara da kasuwarmu ta Talata nan Mafara. Ni da nake ta da jijiyar wuya a kan cinikin bijimi, ranar kame-kame na yi ta yi. Amma mahauta ba su bari na gama ba. Sarkin fawa ya ce ɗanyen nama ba zai jure hanya ba, don haka za su kayar da sa su yi kilishi. Da kin ga bayan rumfunansu, an shanya shi ja wur a kan gadajen kara, ƙamshin har masallacin Juma'a. Da mutanen Bakura suka ji Mafara ta cika mini zaure, suka ce ai ba a haife su ba da za a bar su baya. Masu noma a bakin magudanar ruwan Bakolori suka aiko da shinkafa. Mutanen Dakko suka zo da jakuna, da dawa da wake da ƙuli-ƙuli, har da kuka da daddawa, wai kada a kai wa yara tuwo ba miya.

Maradun ce na yi ta jinkirin zuwa, garinku. Da wane ido zan dube su? Ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonakinsu, har da ta mahaifinki, kuma da suka tashi neman haƙƙinsu a bazarar nan kin san an rasa rayuka. Na je dai ranar kasuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Sai Ɗan'ila, wanda wansa yana cikin waɗanda suka rasu, ya miƙe a gaban jama'a ya tambaye ni, su fa, wa ya tara musu? Wa ya ɗauko mota ya zo ya ga nasu yaran? Dije, gaskiya ya faɗa. Mutane suka fara juya baya, ni ma na fara neman takalmana.

Inna ce ta tsai da su. Mahaifiyarki, wadda tun da aka gama zaman makokinki ba ta taka ƙofar gida ba, ashe an je an gaya mata na zo. Ta ratso kasuwa da sandarta, da bargonta na kwana a naɗe a kai, ta ajiye shi a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mu da munka san zahin barin gida, in ba mu ba su ba, wa za shi ba su?” Ta juya ta tafi abinta.

Ɗan'ila ya fice, na zaci fushi ya yi. Kafin la'asar sai ga shi da damin gero a kai, daga 'yar gonar aro da yake nomawa. Ya jefar da shi kusa da bargon, bai ko dube ni ba. Daga nan kuma sai kamar an buɗe ƙofa. Mutanen da aka ta da daga gidajensu, su ne suka kawo tabarmi da tukwane da ludayi, abubuwan da mu masu zaune lafiya ba mu ma tuna mai gudun hijira yana bukata ba.

Mamman Dogo, direban da ke yi mini jigilar shanu, ya ce dama wayam yake tafiya gabas, ko sisi ba zai karɓa ba. Ranar da muka tashi, motar ta cika har sai da aka ɗaure tabarmi a saman kai. Mata suna ta guɗa daga cikin gidaje, Kulu tana tsaye a bakin titi tana ba 'yan lodi umarni kamar ita ce mai motar. Muna shirin tashi sai ga Ɗan'ila da 'yar jakarsa, ya ce zai je ya gani da idonsa. A hanya taya ta fashe mana kafin Potiskum, kuma matar da muka ci abinci wurinta muna jiran faci, da ta ji inda za mu, sai ta ɗora mana buhun gishirinta.

A Gamboru dattawan kasuwar shanu suka tarbe mu, suka tara matan da suka yi gudun hijira, aka kafa murhu aka ɗora manyan tukwane. Ki ga yara, Dije! Kilishin Mafara ya yi musu yaji, suna hawaye suna hura baki suna dariya, kuma ba wanda ya saki nasa. Na ga Ɗan'ila durƙushe yana ba wani ƙaramin yaro tuwo a baki, ba ya jin yarensa, shi ma yaron ba ya jin Hausa, amma sun gama kwano tare.

Akwai abin da Kulu ta yi ban sani ba sai can. Zannuwanki da na ba ta ta rabar, ashe ta kai wa tela an ɗinka ƙananan riguna. Ina tsaye sai wata yarinya ta gifta ni da gudu cikin koriyar atamfar nan da kika ɗaura da babbar Sallah. Na koma bayan mota na zauna. Ba kukan baƙin ciki na yi ba.

Ba zan yi miki ƙari ba. Yaƙin bai ƙare ba, kuma mota ɗaya ba ta kashe yunwar kowa har abada. Amma sun ci sun ƙoshi, an raba wa iyayen hatsin da zai kai su wani lokaci, kuma yaran sun samu abin rufa kafin sanyi ya shigo. Wata tsohuwa cikinsu ta sa wani dillali Bashuwe mai jin Hausa ya tambaye ni wane sarki ne ya aiko da wannan kaya. Na ce ba sarki ba ne, wata mata ce 'yar Maradun, sunanta Dije, ta rasu. Suka ɗaga hannu gaba ɗaya suna addu'a da Larabcinsu. Ban gane komai ba sai sunanki da amin.

Mi ya hana ni gaya miki kina da rai cewa ina alfahari da ke? Kunya ce irin tamu. Na sha tsayawa a zaure ina jin ki kina lallashin mata a kan maganar nan, raina yana yin fari, in shigo in tambaye ki ruwan alwala kawai. To, yanzu na faɗa.

Gida lafiya lau. 'Yarmu Sa'a ta iya tuƙa tuwo, ko da yake yana yin gudaji. Jar akuyarki ta haifi biyu. Inna ta koma zuwa gidajen suna, kuma na sayo mata sabon bargo daga Maiduguri, ta yi ta faɗa kafin ta karɓa.

Ki huta, Dije. Aikinki ya kammala, kuma ya yi kyau. Allah ya haskaka kabarinki, ya kai miki ladan kowace loma, ya haɗa mu a gidan da ba a ta da kowa daga cikinsa.

Ni ne mijinki,
Alu mai shanu,
Talata Mafara.