Taku Goma Sha Huɗu Zuwa Tebur

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, da hannuna nake rubuta wannan, kuma hankalina cikakke ne, babu zazzaɓi, babu allurar da ke juya kai. Ɗazu da safe nas ta tambaye ni ko yau wace rana ce, na faɗa mata, har na ƙara mata da cewa ƙafar gadon da ke bakin taga tana rawa, a sa mata wani abu kafin ta kayar da bawan Allah. Wanda ya lura da ƙafar gadon maƙwabcinsa, ai hankalinsa na jikinsa.

Ranar Litinin za a shiga da ni tiyatar zuciya. Likita bai ɓoye mini komai ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba: wasu suna fitowa, wasu ba sa fitowa. Shekarata talatin da takwas, ban yi zaton zan rubuta irin wannan takarda da wuri haka ba, amma raina a kwance yake. Kun san ajin da na tsaya a makaranta, shi ya sa na kwana uku ina fama da takardar nan. Ke Lauya, 'yar farina, na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Kada ki taɓa mini ita da jan biro.

Na ɗaya. Ɗan abin da na mallaka a raba shi yadda addini ya tsara. Takardun suna cikin gwangwanin biskit a saman kwaba, mamanku ta sani. Abubuwan da zan ambata a ƙasa ba gado ba ne, kyauta ce na ba ku tun ina numfashi.

Na biyu. Akwatin kayan aikina na Injiniya ne, ɗana da ya kwance rediyo uku bai mayar da ko ɗaya ba. Akwai filaya, sukundireba shida, tef ɗin awo, da salatif baƙi na manne waya a ƙasa. Ka riƙe salatif ɗin nan da daraja, don shi ya ba ubanka aiki. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka ɗauke ni jigilar kujeru na yini ɗaya a taron kamfaninmu mai ƙera na'urori. Na ga wayar lasifika ta gitta hanyar da baƙi za su bi. Ba aikina ba ne, amma na durƙusa na manne ta tun daga bango har dandamali. Ina ɗagowa na ga takalmi ruwan ƙasa a gabana. Mai takalmin ya tambaye ni wa ya sa ni, na ce babu kowa. Ya ce to gobe in zo ofis. Ashe shugaban kamfanin ne da kansa, wanda kuke kira Dattijo.

Daga ranar zuwa yau na shirya dandamalin taro ya fi sau ɗari. Ko mutum ɗaya bai taɓa yin tuntuɓe a kan aikina ba. Ba ni da takardar shaida ta rataya a bango, wannan ce tawa, kuma ba na jin kunyar faɗarta da ƙarfi.

Na uku. Na'urar nan da ke kan durowar gadona, mai karanta wa mutum takarda da murya, ta Auta ce. Ita ce ta gwaji ta farko, shi ya sa bayanta yake a fashe, ɗaure da roba. Lokacin da injiniyoyi suke ƙera ta, Dattijo ya hana su gwada ta a junansu. Ya ce su duk sun iya karatu, me za su gane? A kira masa ni. Wata takwas ina zama a ɗakin gwaji ana ba ni takardun asibiti da na makaranta. Ni na ce musu maɓallin ya yi ƙanƙanta ga yatsan mai aikin ƙarfi, ni na ce muryar tana gudu kamar ana korarta. Suka yi dariya, sannan suka gyara. Auta, ki yi wasa da ita, amma ki koyi karatu da idonki. Ita don masu lalura aka yi ta, ke ba ki da lalura, sai ƙiwa.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyin. Ƙaramin littafina mai baƙin bango na Lauya ne, tare da sirrin da ke cikinsa. Ke da Injiniya ku karanta wannan sashe, Auta ta bari sai ta girma.

Kun san shekara uku ke nan da manyan kamfaninmu suka sauke Dattijo daga shugabanci. Sun ce ya tsufa, ya nace wa na'ura ɗaya ya bar sauran aiki. Yanzu na'urar ta kammala, ranar Alhamis ta sama za a ƙaddamar da ita, kwana goma bayan tiyatata. Sabon shugaba ya ga bai kamata a yi babu shi ba, sai aka yanka masa minti uku: ya fito daga bayan labule, ya taka zuwa tebur, ya yaye ƙyallen da ya rufe na'urar, ya sa takarda, ya danna maɓalli. A wurinsu ado ne kawai, a ɗauki hoto a wuce. A wurinsa kuwa minti ukun nan su ne aikin rayuwarsa.

Abin da ba su sani ba, idon Dattijo ya kusa tafiya. Da rana yana ganin inuwar mutum, amma in fitilun dandamali suka haske shi, fari fat yake gani. Tun yana ofis na gane. Na ga yana sa yatsa a bakin kofi in zai zuba shayi. Na ga leɓensa yana motsi in yana hawa bene, ƙirga yake yi. Wata rana ya gaida kwat ɗin da ke rataye a bayan ƙofa. Sai na riƙa riga shi shiga ko'ina ina kawar da abin da ke hanya. Shekara biyu muna haka, kafin ranar da ya tsayar da ni ya ce ashe ni ne aljanin da ke janye masa kujeru. A ranar na gane dalilin da ya sa ya nace wa na'urar nan har ta ci masa kujerarsa.

Na taɓa tambayarsa me zai hana ya faɗa. Ya ce yana faɗa za su riƙo hannunsa su fito da shi, su mai da shi tallar abin tausayi, waɗanda suka sauke shi kuma su gyaɗa kai su ce ai dama. Yana so ya isa teburin nan da ƙafarsa. In ya isa, ya ga dama ya faɗa da bakinsa, ya ga dama ya yi shiru. Wannan haƙƙinsa ne, kada ɗayanku ya riga shi.

Ga yadda muka yi, duk yana cikin littafin da zane. Daga labulen hagu zuwa tebur taku goma sha huɗu ne, irin takunsa, ba irin nawa ba. Na shimfiɗa siririyar igiya a ƙarƙashin kafet, miƙe sak, yana jin ta da tafin ƙafa. A taku na goma sha uku akwai ƙulli, alamar saura ɗaya. Ƙaramar fanka tana ƙarƙashin tebur ta hagu, in iska ta taɓa ƙafar wandonsa ya iso. A kan maɓallin na ɗiga gam ya bushe, yatsa zai same shi. Bakin dandamalin yana taku uku ta damansa, tsayinsa ya kai ƙugu, babu shinge. In ya kauce wa igiyar, can zai nufa. Kuma lallai ya sa tsohon takalminsa ruwan ƙasa wanda ƙasansa ya cinye. In mai tsara taro ta ce bai dace da hoto ba, a ce mata likita ne ya ce. Sabon takalmi ba ya jin igiya.

Ku faɗa wa mamanku igiyar shanyarta da ta ɓata, har ta zargi maƙwabta, ni ne ɓarawon. Ta yafe mini, ta kuma ba matar gidan sama haƙuri.

Asabar bakwai muna gwaji da rana, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci. Ranar farko ya kauce sau huɗu, na tare shi da ƙirji. Rana ta bakwai ya taho kansa a sama, hannu ɗaya a aljihu, kamar zauren na gidansu ne. Na tsaya a ƙasa ina kallo, wallahi ban taɓa jin girman aikina kamar ranar ba.

Na biyar. Rigimata da baffanku ta ƙare daga yau, ni na kashe ta. Mako biyar ba ma magana, kun gani, kun yi kawaici. Ga abin da ya faru. Shi ke kula da sauti a zauren. Ranar babban gwaji yana jan wayar makirfo sai ƙafarsa ta ji tudu a kafet. Ya ɗaga, ya zaro igiyar, ya ɗaga ta sama a gaban mai tsara taro da yaran aiki, ya ce wannan aikin wanda bai yi makaranta ba ne. Ba ni da bakin bayani, don na yi alkawari. Zuciya ta ɗebe ni na ce masa kunne kawai Allah ya ba shi, ban da ido da hankali. Tun ranar ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Kwanciyar asibiti ta sa na auna abin da kyau. Gaskiyarsa ce. Ni na kawo shi kamfanin, ni na koya masa cewa ba a barin tudu a dandamali ko na ƙwayar shinkafa ne. Igiyar da mutum hamsin suka taka ba su ji ba, ƙanena ya ji ta da takalmi a ƙafarsa. Wa ya koya masa? Ni. Maganar makaranta ta yi mini zafi, amma na san ba daga zuciyarsa ta fito ba. Lemon da nas take kawo mini kullum da yamma tana cewa wani dogo ne ya bayar ya juya, na san dogon.

Jiya Dattijo ya zo duba ni, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya ce tunda ba zan kasance ba, zai aika musu ya janye, ya ce mura ce. Na ce masa in ya janye, to na yi Asabar bakwai a banza, kuma ba zan yafe ba. Ya yi dariya har ya yi tari. Na nemi izninsa in buɗe sirrin ga ƙanena da ku, ya tambaye ni ko hannun yaron kamar nawa ne. Na ce ya fi nawa, baki ne dai ya yi masa yawa. Ya ce ya yarda.

Saboda haka, Lauya, kada ki jira sakamakon tiyata. Gobe ki ɗauki littafin da igiyar, tana cikin aljihun rigar aikina, ki kai wa baffanki hannu da hannu. Kada ki yi masa lauyanci, na san ki. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce yayansa ya ce ya yi gaskiya, yana kuma roƙonsa ya mayar da igiyar ƙarƙashin kafet. Ko na fito da rai ba zan iya durƙuso ba ranar, babu wanda zai shimfiɗa ta sai shi. Ya shimfiɗa bayan masu shara sun gama, ya auna da tef, kada ya yarda da ido. Fitilar tsakiya kuma ya roƙi mai fitilu ya rage ta kaɗan, abokinsa ne.

Na shida. Ranar Alhamis ɗin ku je, ko ina nan ko ba na nan. An ba ni kujeru huɗu a layi na tara, ta gefen hagu. In zaman makoki ya hana mamanku fita, matar baffanku ta raka ku. Kada a ce ana cikin rashi ba za a je taro ba, ni na ce a je. Ku sa kayanku masu kyau. In kun ga Dattijo ya ɗan tsaya a hanya, kada wanda ya miƙe, kada wanda ya yi salati da ƙarfi, ƙafarsa ce take neman igiya. Ku ba shi lokaci. Yawancin abin da na iya a duniya, jira ne da kallo.

Sauran wasiyyata gajeriya ce. Ku riƙe salla. Ku ji maganar mamanku, ta zauna da ni tun ina ɗan jigilar kujeru, ba ta taɓa sa na ji ni ƙarami ba ne. Baffanku ubanku ne bayana, in ya yi faɗa ku sunkuyar da kai, in ya wuce gona da iri mamanku ta san yadda ake sauke shi. Kada ku kwana biyu ba ku yi wa juna magana ba, na gwada mako biyar, babu abin da na tsinta a ciki. Duk inda kuka shiga, ku dubi ƙasa kafin ku dubi sama, ku kawar da abin da zai kayar da na bayanku, ko ba a sa ku ba, ko ba a gan ku ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin mutunci, ya haɗa kanku, ya sa ku zama masu sauƙaƙa wa mutane hanya. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.

Idan labule ya buɗe, ku zauna kusa da juna, ku ƙirga a zuci tare da shi. Mutane za su tafa wa Dattijo in ya danna maɓalli, ya kuwa cancanta. Ku kada ku jira maɓalli. Yana kaiwa goma sha huɗu ku fara, ku juya ku dubi baffanku a wurin na'urar sauti. Wannan tafin namu ne, na gidanmu.