Na Hana Dillali Faɗin Sunana

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Zuwaira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Ni ce Ramatu, autarki. Yaya Habu yana Kano wurin cin rani, lafiyarsa ƙalau, jikokinki ma haka. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, wasu ne za su karanta. To su karanta, na gaji da ɓoyo.

Inna, gidanmu na bayan tasha ya tafi, kuma wannan karon ba zai dawo ba. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe, don kada laifin ya hau kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Kin tuna bayan rasuwar Baba, da aka zo rabon gado, gidan ya ƙi rabuwa. Aka sayar wa Alhaji Mati mai goro, aka raba kuɗin, ke kuma kika koma ɗaki ɗaya a gidan Yaya Habu. Ranar tashi, kaya suna kan amalanke kowa yana jiranki, ke kina can kina share tsakar gida. Na ce miki mene ne na sharar gidan da ba namu ba. Kika ce ba a miƙa wa mutum makulli da datti a ƙasa. Sai da kika kwashe sharar kika fito.

Tun daga ranar na ƙullaci Alhaji Mati. A ganina ya same mu cikin gaggawa ne ya saya a ɓagas. Ban taɓa bincika ko haka ne ba, kin dai san ni, in na riƙe abu na riƙe. In na hango shi a hanya sai in tsallaka ɗaya gefen. Shekara da shekaru ban ce masa ina kwana ba.

Ke kuwa duk ranar kasuwa sai kin ratse ta layin. Labari ya zo mini a Tsauni, inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, cewa ana ganinki kina shiga gidan. Da na zo hutu na tsare ki da faɗa, na ce ki daina raɓe-raɓe a ƙofar gidan mutane, kina ba mu kunya. Wallahi haka na ce, Inna, da bakina. Kika dube ni, kika ce to, kin ji. Daga nan ba ki ƙara ambatar gidan a gabana ba har Allah ya ɗauke ki.

Bayan kin tafi ne abin ya fara cina. Na ɗaukar wa kaina alkawarin sai na dawo da gidan nan ko da zan yi shekara goma da zane ɗaya. Na shiga adashi, na yi kiwon tumaki, na haƙura da abubuwa da yawa. Ana haka na ji Alhaji Mati ya sa gidan a kasuwa. Idanunsa sun tafi, ɗansa zai ɗauke shi ya koma Damagaram kusa da likita.

Nan take na kira Yaya Habu. Abin da ya fara ce mini shi ne kada in kuskura in nuna fuskata. Kin san yadda ake cinikin gida a garin nan: mai saye yana laɓewa bayan dillali, a ce wani ne ya aiko. In mai gida ya gane cibiyar mai saye a gidan take binne, kuɗi sai abin da ya yanka. Maganar Yaya ta zauna mini daram, don dama abin da zuciyata ke so ta ji ke nan.

Sai na nemi Malam Ilu dillali. Kin san shi, mai zama kan benci a bakin tasha da tsohon babur da damin makullai a aljihu. Babu gidan da ya canza hannu a Matameye bai san wanda ya gina shi ba, da wanda ya mutu a ciki, da ta inda ruwa ke bi da damina. Na faɗa masa gidan da nake so, na ce sharaɗina ɗaya ne, kada sunana ya fita daga bakinsa. Ya juya makullansa, sannan ya ce, Malama, wannan gidan ba irin wanda ake ɓoye masa suna ba ne. Ni kuwa na ce a raina, ga shi nan, yana so kuɗi su hau la'adarsa ta yi kauri. Na ce masa in ba zai iya ba akwai dillalai da yawa. Ya ce zai iya.

Ya yi aikinsa, ba zan zalunce shi ba. Ya duba takardun gidan, ya je wurin mai unguwa ya tabbatar babu rigima a kai, ya gaya mini katangar baya ta ci ruwa don in san da ita. Ya kai tayina, aka ce albarka, na ƙara, ya sake komawa. Amma duk zuwan da zai yi sai ya dawo ya ce tsohon nan ba ya maganar kuɗi sosai, tambayarsa ɗaya ce, wa ke saye.

Ana cikin haka matar Yaya Habu ta kira ni ta ce Alhaji Mati ya aiko, yana son ɗaya daga cikin 'ya'yanki ya je ya gan shi. Na yi dariya, Inna. Na ce tsoho ya shinshino, yana so ya tabbatar ne ya tsuga mana kuɗi. Na ce ta ce wa ɗan aiken ta ji, kuma kada kowa ya je.

Wata Talata ina cikin aji wayata ta yi ƙara, na fita gindin bishiya. Malam Ilu ne. Ya ce yau Alhaji ya tambaye shi kai tsaye ko mai sayen nan daga cikin 'ya'yan Hajiya Zuwaira ne, shi kuma ya ce bari ya fita ya dawo. Ya ce don girman Allah in bar shi ya ce e. Sau uku yana roƙona. Na ce ya ce masa wani ne daga wajen gari, ai ba ƙarya ba ne tunda a Tsauni nake zaune. Har daɗi na ji da na samo wannan dabara. Ya ce to, amanarki ce. Na koma aji na ci gaba da koya wa yara lissafi.

Bayan mako uku ya kira ni ya ce an sallama gidan ga maƙwabci, mai sayar da hatsin nan na jikin katangarmu, kuma ƙasa da tayina. Ban jira an tashi lakwal ba na hau mota. Na same shi kan bencinsa, na zazzage masa a gaban mutane. Na ce maci amana, na ce an saye shi, babu abin da ban ce ba. Da na gama, ya ce in je in tambayi mai gidan da kaina, ƙofa a buɗe take.

Haka na shiga gidanmu, Inna, karo na farko tun ranar tashi. An ɗaure kaya an jera a zaure. Alhaji Mati yana zaune kan tabarma, ya rame, idanun sun yi fari. Ina yin sallama ya ɗaga kai ya ce wannan muryar Zuwaira ce. Na durƙusa.

Shi ya gaya mini abin da ba ki gaya mini ba. Ya ce duk ranar kasuwa kikan zauna da matarsa a ƙofar tsohon ɗakinki ku sha fura, ku yi hira. Wata rana kika roƙe shi, in Allah ya sa zai rabu da gidan ya fara neman 'ya'yanki. Ya yi miki alkawari a gaban matarsa cewa duk wanda ya zo a cikinmu zai ba shi a yadda ya saya, ko dala ba zai ɗora ba. Bai gaya wa dillali ba, ya ce magana ce tsakaninsa da wadda take ƙasa, ba ta kasuwa ba ce. Ya aika, ya jira kasuwa uku, ba wanda ya zo. Ya tambaya, aka ce baƙo ne. To tsakanin baƙo da maƙwabci, ya ce, addini da al'ada duk maƙwabci suka ba. An yi shaidu, mai unguwa ya sa hannu, an buga hatimi.

Da zan iya tashi in tafi a nan, bai san komai ba. Amma na kasa. Na ce Baba, baƙon nan ni ce. Ya yi ta salati a hankali. Sannan ya ce, ɗiyata, me na yi miki? Ga gaskiyar, Inna. Babu abin da ya yi mini.

Mai hatsi ya ce ko nawa zan ba shi ba zai sayar ba, mangaza yake so ya yi ta ajiye hatsi, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin damina ta faɗi aka rushe ɗakunan. Ranar da na bi ta wurin ana jera buhunan gero daidai inda gadonki yake. Na tsaya kaɗan, masu dako suka ce in ba su hanya.

Na koma na ba Malam Ilu haƙuri a gaban mutanen da na ci mutuncinsa a gabansu. Ya ce ya yafe, amma shi ma abin yana damunsa. Shekararsa talatin yana cin abinci da riƙon sirrin mutane, ya ce, bai taɓa jin ya tsani sana'ar ba sai a kan gidan nan. Ko kuɗin man da ya ƙona ya ƙi karɓa.

Shi ya sama mini wani gidan a sabuwar unguwa, can hanyar Kance. Na siminti ne, da famfo, da wuta, babu abin kushewa. Wannan karon na ce da ƙafata zan je. Mai gidan wani matashin ma'aikaci ne da aka canza wa wurin aiki, yana sauri ya tashi. Ko zama ban yi ba na ce masa ni ce Ramatu, ɗiyar Malam Sani tela da Hajiya Zuwaira ta bayan tasha. Na faɗa da ƙarfi. Ya ɗago daga wayarsa ya ce Allah ya jiƙan su, shi bai san su ba, za mu iya gama takardu yau?

A nan nake zaune yanzu, Inna. Maƙwabtana mutanen kirki ne, suna ce mini Malama mai koren ƙofa. Ba wanda ya taɓa jin sunanki a layin nan, kuma ina kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Allah ya gafarta miki, ya kai haske kabarinki da na Baba. Allah ya ba Alhaji Mati lafiya, ya saka masa da alheri a kan alkawarin da ya riƙe. Allah ya ba ki gida a Aljanna wanda ba a raba shi gado, ba a kai shi kasuwa. In kuma ya sa na cancanci zuwa, Inna, zan yi sallama tun daga ƙofa in faɗi ko ni wace ce.

Ki yafe mini.

Ɗiyarki,
Ramatu, Matameye