Kukan Ragon Maza a Kurmin Bayan Gidanmu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ki ba, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Amma a gidan nan babu wanda zan iya buɗe baki in gaya wa.

Kowa lafiya a Zinyau. Auta ya fara tafiya. Na dawo hutu daga makaranta a Rano, na tarar Baffa Sale ya sare rabin kurmin bayan gida.

Kin san ƙanen Baba. Ranar sadakar arba'in ɗinki ya fi kowa share hawaye, idonsa kuwa yana kan itatuwan ɗinya da kanya ta saman katanga. Ni na gan shi. Daga baya ya ce wai macizai yake jiye wa yara. Shi da bai taɓa ɗaukar yaron kowa ba? Bai yi mako da wannan tausayin ba sai ga masu gawayi da gatura.

Inna, kin tuna yadda kike kira na? Ni ce 'yarki ta fari, ba kya faɗin sunana. Idan na tafi wanki rafi, kurmi na tsakaninmu, sai ki tsaya a bakin katanga ki yi ƙasa da murya, ki kwaikwayi kukan tsuntsun nan ragon maza: gu-gu-gu-gu, kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Matan maƙwabta suna ta ƙwala wa 'ya'yansu kira, ganye yana cinyewa. Naki kuwa yana iso ni cikakke.

Bana malamin kimiyya ya yi mana bayani. Ya ce siririn sauti yana karo da ganye da rassa ya watse, mai kauri kuma mai ja yana kewaye su ya wuce. Shi ya sa tsuntsayen kurmi ke yin ƙasa da murya, na fili kuma ke tsiwa. 'Yan aji suna rubutawa, ni na kifa kai a kan tebur. Ban taɓa gaya miki ba, ko da ƙawayena ke yi mini dariya, ban taɓa sha'awar a kira ni kamar su ba.

Baffa ya sa rana a gama da ragowar. Na roƙe shi ya bari. Ya yi dariya ya shiga gaya wa mutanen zaure wai boko ya sa ina makokin tsuntsu. Su ma suka taya shi, manya da furfura.

Makon jiya ina zaune cikin abin da ya rage na kurmin, Baffa ya tsaya a filin da ya aske yana ƙwala sunana, in kai wa masu gatari ruwa. Sunan da kika rasu ba ki furta ba, shi yake ta jefawa kamar mai korar awaki. Guntu-guntu yake iso ni. Can ƙasa wajen rafi ragon maza ya yi kuka, na ji shi sarai. Wanne kike ganin na amsa?

Da yamma na durƙusa gaban Baba na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Ya juya ya dubi wajen kurmin. Ashe shi ma yana jin ki duk shekarun nan? Da aka sauko daga masallaci da asuba ya ɗauki adda, ya yanko ƙaya, ya kewaye ragowar kurmin da shinge shi kaɗai. Masu gawayi suka zo suka juya.

Tun ranar Baffa ya daina cin tuwon gidanmu, wai fushi yake. Ban ga ya rame ba, kuma tuwon yana isar mu.

Tsuntsun yana nan. Idan ya yi kuka ina wanki, har yanzu nakan ajiye sabulu in miƙe.

Allah Ya ji ƙanki, Ya haskaka makwancinki.

Taki,
'yar da ba kya kiran sunanta.