Kafin Yurani Ta Cika Bakwai

Cali, 4 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Aristarco,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da matarka Hermencia da 'yar gidana Yurani. Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata maganin gwiwarta yana hanya.

Bayan haka, zanen ya iso. Na kwance kwalin a kan tebur, na duba su ɗaya bayan ɗaya, sai da na nemi kujera na zauna. Aristarco, mene ne wannan?

Bari in tuna maka, tunda da alama ka manta. Kamfanin buga littattafai ya ce in rubuta littafin hotuna na yara a kan chigualo, don 'ya'yan birni su san yadda mu mutanen bakin kogi muke raka yaron da ya mutu bai kai shekara bakwai ba: farin kaya, furanni, ganga, waƙa da wasa, ba kuka, don kada hawaye ya jiƙa wa ɗan mala'ika fukafukai. Na rubuta. Sun so su ba da aikin zanen ga wani mai zane na Bogotá, babban birnin ƙasa, da bai taɓa taka lakar kogi ba, ni na dage, na ce ina da ƙane a Guapi wanda rabin kwalekwalen garin fentinsa ne a jikinsu.

Sai ga abin da ka aiko. Sama baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Mama tana jagorantar waƙa, baki a wangame, ka ce haɗiye yaron za ta yi. Uwar baftisma kuwa, matar da ta tsaya wa yaron a coci, mai rawa da gawar, haƙora duk a waje. Ɗan shekara biyar ne fa zai buɗe littafin nan a cinyar uwarsa. So kake ya yi fitsari a wando?

Littafin murna na rubuta, zanen murna nake so. Ka nemo ruwan ɗorawa da shuɗi, na san kana da su. Matar kamfanin ta ba mu zuwa ƙarshen watan gobe, in ba haka ba aikin ya koma Bogotá, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Nubia

Guapi, 13 ga Mayu

Yaya Nubia, ranki ya daɗe, babbar malamar birni,

Muna gaisuwa. Mama ta amsa, ta ce gwiwa tana nan tana jiran alkawari.

Na karanta darasinki, an gode. Ruwan ɗorawa ina da shi gwangwani guda, da shi nake rubuta sunan kanti. Amma ni ban taɓa ganin chigualo a littafi ba, Yaya. Wanda na sani shi ne na ɗana Tobías, bara, a kan teburin da muke cin abinci. Abin da idona ya gani shi hannuna ya zana. In bai yi wa matar kamfani daɗi ba, ta zo ta binne nata ta zana.

Ki saurara in gaya miki abin da ba ki sani ba kina can kina zaɓen launi. Ranar Talata na dawo daga bakin ruwa, na tarar da Yurani kwance a kan teburin nan. Ta sa farar rigarta ta coci, ta tsinko furannin tsakar gida ta jera a jikinta, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Gwangwanin fenti ya suɓuce mini. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Baba, ku fara waƙar mana."

Na ɗaga ta, na ce wa ya koya miki wannan haukar? Ta ce, "Tobi ya mutu aka yi masa alewar kwakwa, garin nan kaf aka zo, Goggo Nubia ta taso tun daga Cali ta yi rawa da shi. Ni ranar haihuwata shinkafa kawai aka dafa."

Kin ji? Yarinya 'yar shekara shida ta duba gidanmu ta gane cewa a nan sai ka mutu ake murna da kai. Uwarta kuwa har yau ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, wai kada ta jiƙa wa yaro fukafukai. Tana yawo a gida kamar itace. Sannan ki ce in zana wa Yurani littafi mai cewa mutuwa biki ce, in miƙa mata da hannuna? Haba, Yaya!

Littafin kuka nake so. Kowa ya yi kuka a ciki, har kare. Ki sake rubutu, ko ki ba ɗan Bogotá ya zana miki malam-buɗe-littafi.

Naki,
Aristarco

Cali, 21 ga Mayu

Aristarco,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa ko da raina a ɓace.

Maganar Yurani ta hana ni cin abinci. Kada ka kuskura ka dake ta a kan wannan, kada kuma ka bar Mama ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Amma kai, ka ce abin da idonka ya gani ka zana? Me idonka ya gani? Ana fara ganga ka sulale ka tafi rumfar fenti ka zauna da kwalba, sai da za a ɗauki akwatin gawa ka dawo. Ni ce uwar baftismar Tobías. Ni aka miƙa wa shi a cikin farin zani, na yi rawa da shi a tsakiyar mata kamar yadda aka yi tun kakanni. Ka zana ni ina washe baki. Ka san me nake yi da bakin nan? Cizon cikin kumatuna nake yi don kada sauti ya fito. Jini na yi ta haɗiya har aka gama, na yi mako ban iya shan abu mai zafi ba. Yaron da na yi wa wanka da hannuna ne, ba shi da ko nauyi. Kai da ka gudu, kai ne za ka koya mini baƙin ciki?

Mama kuma da ka mayar dodo, 'ya'ya biyu ta raka da wannan waƙar kafin a haife ka. Ba don waƙar ba da tuni ta bi su cikin kogi. Al'adar nan ba ƙarya ba ce, ita ce igiyar da matan garinmu suke riƙewa. Ka buga littafin da kowa ke kuka, me ka gaya wa Hermencia? Cewa shekara guda ta yi tana danne ranta a banza, ko cewa ba ta son ɗanta?

Ba zan rubuta littafin kuka ba. Ba a yi kuka ba, ba kuma zan yi wa yara ƙarya don in faranta maka. Ka maido mini da rubutuna ta jirgin ruwan Asabar. Zan gaya wa matar kamfani ƙanena ya gaza.

Ka gaida Hermencia, ita ba ruwanta.

Nubia

Guapi, 30 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Rubutunki ba zai hau jirgin Asabar ba, kuma ba faɗa na zo yi ba, ko da yake har yanzu ina jin haushinki.

Yurani ba lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda ya ɗauke Tobi. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce in ta sha su daidai ba abin tsoro. Muna ba ta, zazzaɓin yana tafiya yana dawowa. Jiya Hermencia ta ɗaga tabarmar gadonta, sai ga ƙwayoyin a jere, duk sun sha miyau. A kumatu take ɓoyewa, mu juya baya ta tofar.

Na ce, Yurani, don me? Ta ce, "Saura kaɗan in cika bakwai. In na cika ba za a yi mini ba."

Ranar haihuwarta tsakiyar watan gobe ce, Yaya. Sauri take yi.

Yanzu muna danne ta mu ɗura mata, tana cizo, rabi ya shiga rabi ya dawo. Likita ya ce haka ba zai yi ba. Na rasa dabara, na ɗauko rubutunki na karanta mata. Ta ce a sake, ya yi daɗi, haka take so a yi mata. Na rufe takardun. Sai na ƙirƙiro nawa, na ce ga wani gari da yaro ya mutu kowa ya yi ta kuka har kogi ya cika. Ta harare ni ta ce, "Ƙarya kake, Baba. Ba wanda ya yi kuka." To ga shi nan, ke ba ki ci ba, ni ban ci ba.

Na ce, to ke ranar nan ina kike? Ta ce ƙarƙashin tebur. Ƙarƙashin teburin da aka kwantar da shi! Ba wanda ya neme ta, ni ma ban neme ta ba. Ta ce ƙafafu kawai take gani suna ta tsalle. Na ce, me kika ji, tsoro? Ta ce a'a. Baƙin ciki? Ta ce, "Haushi na ji. Na so in ciji ƙafar kowa. An ɗauke mini Tobi kuma ana ta rawa, na yi ihu ganga ta fi ni ƙarfi."

Shi ke nan littafin, Yaya. Ba murna ba ne, ba kuka ba ne. Yarinya ce a ƙarƙashin tebur tana jin haushin manya. Na fara zanawa daga inda take zaune: ƙafafu, gefen zani, gindin ganga, duk da jan fentin da nake shafa wa cikin kwalekwale. Amma ni ban iya jera magana ba, ke kika iya. Ki manta da kamfani, ki manta da 'ya'yan birni. Yarinya ɗaya ce za ta karanta, kuma ba ta da lokaci.

Maganar kumatunki ban sani ba. Na goge haƙoran.

Ƙanenki,
Aristarco

Cali, 2 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaishe ku, Allah ya ba Yurani lafiya. Na ba wani malamin makarantarmu wannan takarda ya taho da ita ta ƙaramin jirgin sama, ba zan jira na ruwa ba.

Ga rubutun. A zama ɗaya na yi shi. Da bakin yarinyar yake tun daga shafin farko: "Ina jin haushin ganga. Ina jin haushin alewa. Ina jin haushin Goggo da ƙafafunta masu rawa." Ban tausasa ko kalma ɗaya ba, ni ma ban raga wa kaina ba. A shafin ƙarshe ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta tsaya gaban uwarta ta ce, "Ke ba ki jin komai ne?" A nan na tsaya. Amsar ba tawa ba ce, kada kuma ka zana ta.

Na nuna wa matar kamfani. Ta ɗaga tabarau ta ce iyaye ba sa sayen littafin da yaro ke yi wa manya tsawa, ko za a sa yarinyar ta yi murmushi a ƙarshe? Na ce mata 'yar ƙanena tana tofar da magani, ta riƙe murmushinta. Na kwashe takarduna na fito. Su ba ɗan Bogotá, can su ƙarata.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada kai ka karanta mata. Ka ba Hermencia.

Yayarka,
Nubia

Guapi, 6 ga Yuni

Yaya Nubia,

Ina gaishe ki da kyau. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba.

Na karanta wa Yurani, Aristarco yana ɗaga zanen. Duk shafi sai ta ce, "Haka ne." Da muka zo tambayar ƙarshe na karanta, na juya, ba komai a baya. Ta ce, "To me uwar ta ce?" Na buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ne, kuka ne. Har maƙwabta sun shigo. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta hana ni ba.

Na ji haushinki, Yaya, kin san abin da kika yi da kika bar mini shafin nan ba amsa. In fukafukan Tobi sun jiƙe ya taka da ƙafa, ai ya fara tafiya kafin ya tafi.

Yurani ta yi ta kallona. Can ta ce, "In ni ce fa?" Na ce in ke ce zan fasa gangunan garin nan kaf, ba mai rawa, ba mai alewa, ni da ke za mu shiga rami.

Ta miƙo hannu na sa mata ƙwayar. Ta haɗiye, ta buɗe baki ta ɗaga harshe ba wanda ya tambaye ta. Ta ce da ɗaci, kuma har yanzu tana fushi da mu duka, har da ke. Mun ce ta yi ta yi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Hermencia