Bindigar Kafili a Motata

Riyad, 9 ga Maris, 2016

Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ina lafiya. Aikin injiniya bai samu ba tukuna, tuƙi nake yi.

Ranar Litinin kafilina, wanda izinin zamana ke hannunsa, ya sayi ƙaramar bindiga. Ba ta wuce tafin hannuna ba, harsashi shida take ci, ko shatinta ba a gani a aljihun jallabiya. Ya ajiye ta a motar da nake tuƙawa, ya ce, "Amana ce, ya Mu'azzam."

Sunansa ne a lasisin, ni kuwa kullum ni kaɗai nake wuce shingen 'yan sanda biyu. In an bincika, ni za a ɗaure. Sau uku na roƙe shi, dariya ya yi.

Kada Inna ta ji. In Juma'a biyu suka wuce ban kira ba, ka nemi ofishin jakadancinmu.

Ƙaninka,
Mu'azzam